Taswirar dajin Amurka: a fara tsaron makiyaya mai rai kafin jinyar fako

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau za mu kai ku nesa, can yammacin ƙasar Amurka. Kada ku ce ina ruwanmu. Ku bari mu kai ƙarshe tukuna.

A can akwai wani daji mai faɗin gaske, ya ratsa jihohi fiye da 10, irin su Wayomin, Nebada, Aidaho, Oregon da Montana. Ruwan sama kaɗan ne, sanyi kuwa mai tsanani, har da ƙanƙara. Ba dajin manyan itatuwa ba ne. Abin da ya rufe shi wani gajeren icce ne mai toka-tokan ganye da ƙamshi mai ƙarfi, yawanci bai wuce ƙirjin mutum ba. Masu ƙasar na ce masa sejburash. Ɗan'uwan tazargade ne, wadda kuka sani wajen masu saida magani a kasuwa. Shanu da tumaki na kiwo cikin dajin nan, kuma namun daji da tsuntsaye iri fiye da 350 sun dogara da shi. Cikinsu akwai wani tsuntsu mai kama da zabo, wanda kusan ba shi da abinci lokacin sanyi sai ganyen iccen. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna cikin kowane 10 na tsuntsun da ake da su wajen 1965, 8 sun tafi.

Kowa ya san dajin na lalacewa. Amma a ina? Kuma me ke cin sa? Masu shanu na nuna masu haƙar man fetur, masu haƙar mai na nuna shanu. Sai aka ce a zana taswira a gani.

Ga yadda aka yi. Tun 1972 Amurka ke harba taurarin ɗan'adam masu suna Landsat. Irin na yanzu na kewaya duniya a nisan kilomita 700 da ɗan wani abu, kowane kwana 16 ya dawo kan wuri guda ya ɗauki hotonsa. Hoton a rarrabe yake gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, kamar ɗan lambu. A kowane gida ana lissafa nawa ne icce, nawa ne ciyawa mai daɗewa, nawa ne ciyawar shekara guda, nawa ne ƙasa tsirara. Hoto kaɗai bai isa ba. Sai ma'aikata sun shiga daji da ƙafa, da igiyar awo, sun ƙirga abin da ke wurin, sannan a koya wa kwamfuta gane shi daga sama. Da haka suka sami hoton kowace shekara tun daga 1985. Bisa wannan suka aza aikin hannun mutum: hanyoyin mota, rijiyoyin mai da gas, gonaki, garuruwa.

A 2022 aka fitar da sakamako. An raba dajin kashi 3: inda yake da rai sosai, inda ya fara taɓuwa amma yana gyaruwa, da inda ya riga ya lalace. Daga 2001 zuwa 2020, kowace shekara fiye da eka 500,000 na faɗawa kashi na ukun. Eka a nan ita ce wadda malamin gona ke auna muku, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Wato fili mai kilomita 70 ta kowane gefe, har ya ɗara, duk shekara.

Abin da ya fi jan hankali, kusan kashi 3 cikin 4 na ɓarnar ba gini ko rijiyar mai suka yi ta ba. Babbar mai laifi wata ciyawa ce baƙuwa, suna ce mata citgiras, wato ciyawa macuciya. Ta shigo musu daga ƙetaren teku ƙarshen shekarun 1800, ta sami wurin zama inda kiwo ya wuce kima ya kashe ciyawar gado. Tana rigan kowa tsiro, ta shanye danshi, ta rigi kowa bushewa. Wuta ta tashi ta cinye ta, ta haɗa da iccen. Shi iccen ba ya tohuwa daga kututture bayan gobara, sai ya yi shekaru gomiya kafin ya dawo. Ita kuwa baɗi ta fito. Wata gobarar ta biyo, ta ƙara mata fili. Kun ga ke nan hannun mutum na ciki, ko da ba a gan shi cikin hoto ba.

Ɗayar matsalar za ta ba ku mamaki: manyan itatuwa ne ke gangarowa daga tsaunuka suna mamaye dajin, tsuntsun nan kuwa ba ya zama kusa da su. A can har sare su ake don ceton daji. Mu nan da muka san darajar gawo, kada wani ya karanta wannan ya ɗauki gatari. Kowace taswira sai wanda ya san ƙasar ya fassara ta.

To, da suka ga haka, me suka yanke? Suka ce kuɗi da ma'aikata ba su isa ko'ina ba. Don haka a fara da tsaron wurin da ke da rai, a hana ciyawar nan da wuta shiga, sannan a riƙa faɗaɗa shi ta gefe-gefe. Wurin da ya mutu ya jira.

A ganinmu wannan shawara daidai ce, kuma ta shafe mu. Muna yaba aikin rabin wata da jera duwatsu a kan fako. Wanda ya ga abin da aka yi a Keita tun daga 1984 ba zai raina shi ba. Amma ku auna guminsa. Mutum nawa, kwana nawa, kafin eka guda ta fako ta fid da ciyawa? Yayin da ake wannan wahala, makiyaya mai kyau da ke bayan gari ana yankar ta kaɗan-kaɗan, bana kunya biyu, baɗi kunya biyar. Burtali na ƙuntata. Garmani, wadda dabba ba ta damu da ita ba, na shiga inda ciyawar kirki ta ja baya. Ba wanda ya yi shela, don ba rana guda abin ke faruwa ba. Ranar da shanu suka rasa hanya suka faɗa gona, ranar ce ake jin labari, wani lokaci har da jini. Tsaron makiyaya mai rai bai buƙatar ɗaukar dutse ko guda. Yana buƙatar a san iyakarta, a rubuta, a yarda.

Wani zai ce taswira kayan manya ce, da ita ake ƙwace ƙasar talaka. Tsoron nan na da dalili. Daga sama, saura da makiyaya kan yi kama da wurin da ba mai shi, kuma mai kuɗi na son irin wannan wuri. Amma gudun masu taswira ba ya hana a zana ta. Za a zana ne ba da bakinku ba.

Kuma taswira ta taɓa tsaya muku shaida. Cibiyar da ke tattara hotunan Landsat tana jihar Dakota ta Kudu, ita ke aikin dajin sejburash. Wani ma'aikacinta, Gray Tappan, ya gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000 a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Tare da masu bincike na ƙasarmu suka taka gonaki, suka tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a kan eka wajen miliyan 5, kimanin icce miliyan 200. Yawancinsu ba dashe ba ne, sassaben zamani ne, tohon da manomi ya bari ya rena. Lokacin da duniya ke cewa hamada ta gama da mu, wannan lissafi ya sa aka sake magana.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda kuke kira kofo. Idan na garinku ya zauna, ko ma'aikata suka zo da na'urar awo, ku je, manomi da makiyayi, da mata masu ɗebo itace da ganyen miya, don sun fi kowa sanin inda daji ya fara sanƙo. Ku nuna musu makiyayar da har yanzu ke da ciyawa mai kyau, ku ce da ita za a fara. Ku faɗi sunan kowane tafki da kowane burtali, da faɗinsa na da da na yanzu, da inda garmani ta kai bana. Tunda kun iya karatu, ku karanta abin da aka rubuta kafin kowa ya sa hannu. Ku nemi a sa shekara a ƙasan takardar, a bar kofi guda wajen maigari, guda wajen ardo.