A Kula Da Lokacin Tashin Jirgi

Edita,

Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan haɗarin jiragen sama lokacin tashi, musamman ƙanana. Ni manomi ne ɗan tireda, ban taɓa hawa jirgi ba, amma in ya faɗo ai kan irinmu yake faɗowa.

Ranar 21 ga Fabrairu 2021 wani ƙaramin jirgin sojan sama, King Air 350, ya tashi daga Abuja za shi Minna neman ɗaliban Kagara da aka sace. Bai yi nisa ba matuƙin ya ce inji ya samu matsala, ya juyo, amma bai kai fili ba ya faɗi. Mutum 7 da ke ciki duk suka rasu.

Jama'a, fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai da gudu. Lokacin tashi gudun bai kankama ba, ƙasa kuma tana kusa. In matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima, ko ya yi kwana mai tsanani, sai iska ta sake shi, babu sararin gyara. In mai inji biyu ne ɗaya ya mutu, ɗayan zai fizge shi gefe guda, kamar garmar shanu in sa ɗaya ya kwanta. Zafin rana kuma yana rage wa iska kauri, ga lodi. Duk wanda ya ga motar da aka labta wa buhuna ran kasuwar Mai'aduwa ya san zancen, sai dai ita mota in ta gaza a sauka a tura.

Manyan ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano jim kaɗan da tashi, mutum fiye da 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune a gidajensu. A Oktoba 2006 jirgin ADC ya tashi daga Abuja cikin hadari ya faɗi, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido.

Don haka ina kira ga hukuma, a riƙa auna kaya kafin tashi, a hana gini a bakin filin jirgi, kuma in an gama bincike a karanta mana sakamakon da Hausa a rediyo. Manyanmu kuma, in matuƙi ya ce a dakata, don Allah a dakata. Gara a makara da a fasa isa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.

Naku,
Wani manomi,
Bakin Iyaka, Kongolam, Daura.