Kafin ka canza injin ƙaramar motarka mai hawan duwatsu, tsaya ka ji

Yau maganarmu ta ƙananan motocin nan ce masu telekomand, waɗanda ake yi musamman don hawan duwatsu. Wasan ya fi ƙarfi a Amurka da Turai, amma duk mai kallon YouTube ko TikTok ya ci karo da su. Fitattu a ciki su ne SCX24 ta kamfanin Axial, wadda ta fito a 2019, da TRX-4M ta Traxxas da ta biyo baya a 2022. Ta farko, in ka raba tsawon babbar mota gida 24, gida ɗaya ke nan. Ta biyun gida ɗaya cikin 18. Kowace za ta zauna a tafin hannu biyu.

Da zarar mutum ya mallaki ɗaya, abin da ya fara zuwa ransa shi ne canza inji, ya sa wanda ya fi gudu. Ni dai ina ganin nan ne kuɗi suke fara ɓacewa. Motar hawan dutse ba a yi ta don tsere ba. Gwanintarta ita ce ta taka a hankali, taya ta kama dutse, ta hau ba ta kife ba. Inji mai gudu zai sa taya ta yi ta juyi a banza, ko mota ta zabura ta faɗo ta baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari mu fara da injin da suke zuwa da shi. Mai gawayi ne, abin da masu gyara ke kira sharbon, irin na cikin injin huda bango. SCX24 tana zuwa da ɗan ƙarami mai lamba 030 da naɗi 88, TRX-4M kuma da mai lamba 180 da naɗi 87. Lambar farko girman gwangwanin injin ce. Ta biyu, wadda ake rubutawa da T a gabanta, yawan zagayen wayar da aka naɗa ce. Duk mai naɗin fanka ya san wannan lissafi: naɗi mai yawa yana rage gudu, yana rage shan wuta, yana sa inji ya tashi a natse. Naɗi kaɗan yana ƙara gudu, ya ƙara shan batir da zafi. Ke nan wanda ya ga 50T ya ɗauka ya fi 66T dacewa da dutse don ya fi gudu, ya karanta lambar a juye.

Ga mai SCX24, canji mafi sauƙi shi ne ya koma mai lamba 050, irin wanda Injora da wasu kamfanoni ke sayarwa. Ya fi tsawo, ya fi ƙarfin ja, kuɗinshi kaɗan ne, kuma yakan yi aiki da kayan wutar da motar ta zo da su. Sai dai ka tambaya ko zai hau farantin da ke riƙe inji, don wani lokaci sai an canza shi ma. Ga mai TRX-4M kuwa, kafin ma a taɓa inji, akwai haƙoran giya masu rage gudu da Traxxas ɗin kanta ke sayarwa. Kamar yadda direban gingimari ke sa lamba ɗaya a hawa, haka giya ke mayar da gudu ya zama ƙarfi, inji bai wahala ba.

To ina marar gawayi, wanda za ka ga an rubuta brushless a kwalinshi? Gaskiya yana da kyau, ba mai musu. Ba sharbon da zai cinye, yana daɗewa, kuma in ya samu na'urar da ta dace zai sa mota ta yi tafiyar hawainiya a kan dutse. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Wayoyinshi uku ne, na mai gawayi biyu, saboda haka dole ka sayi wata na'urar sarrafa wuta, wadda ake kira ESC. A SCX24 kuma an haɗa wannan na'ura da mai karɓar umarnin telekomand a akwati guda, don haka taɓa ɗaya yana jawo maganar ɗayan. Cikakken kaya irin na Furitek yana iya kusantar kuɗin motar kanta. In kuma ka ce bari ka yi araha, ka haɗa shi da ESC ɗin da ba a yi don hawan dutse ba, za ka ga mota tana karkarwa tana fizga lokacin tashi, daidai inda kake son natsuwa. Araha ba ta ado.

Ku lura da lambar KV ma. Ita ce zagayen da inji ke yi a minti ɗaya kan kowane bolt in ba kaya a kanshi. Batir ɗin waɗannan motoci bolt 7.4 ne. Inji mai KV 2000 zai yi zagaye 14,800 a minti. Ƙarin KV ƙarin gudu ne, ba ƙarin iya hawa ba.

Akwai kuma abin da masu bidiyo na can ba su cika ambata ba, don ba yanayinsu ba ne. A nan, cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ga ƙura ga rairayi. Ƙaramin inji da aka matsa wa a irin wannan rana yana saurin ɗaukar zafi, kuma zafi mai yawa yana raunana maganaɗisun da ke ciki. Yawancin marasa gawayi na waɗannan motoci jikinsu na waje ne ke juyawa, a buɗe yake, yashi yana shiga. Batir ɗin LiPo shi ma ba ya son a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, yana kumbura, yana iya kama wuta. Kuma in wani abu ya ƙone, ba Amurka muke ba da za a kawo maka wani gobe. Sai ka jira oda ko matafiyi.

Shi ya sa nake cewa a bi abin daki-daki. Taya mai laushi tukuna. Sannan nauyin tagulla a ƙasa, musamman a gaba, don kada mota ta riƙa kifewa. Sannan sarbo, wato abin da ke juya sitiyari, tunda na asali bai cika ƙwari ba. Bayan haka giya. Inji ya zo ƙarshe, lokacin da ka tabbata shi ne ke gazawa. Amma ka tuna, duk nauyin da ka ƙara, inji ne zai ja shi.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta motar wasa? Magana ce mai hujja, kuma babu wanda zai ce a bar cefane a sayi inji. Amma yaron da ya taso yana ƙera motar kara da ta gwangwani, in ya gane naɗi, giya, bolt da zafi a wannan ƴar mota, ya kama hanyar gane famfon sola da keken lantarki, don ilimin ɗaya ne. Wanda ya sayi mafi tsada ya ɗaura kawai, bai koyi komai ba.

Ƴan Damagaram da ƴan Adar, ku dai ba ku da matsalar filin gwaji, duwatsu na nan a bakin ƙofa. Ku gwada motar yadda ta zo, ku lura da inda take kasawa, sannan ku ciro kuɗi. Masu gyaran wuta da masu naɗi da ke cikinmu, me kuka gani game da mai gawayi da marar gawayi a ƙurarmu? Muna saurare.