Harajin leda: mu ɗauki darasi daga dajin Baban Rafi

Duk wanda ya bi bakin Gulbin Gabi da rani ya ga baƙar leda a maƙale jikin ƙaya, ta rufe gindin itatuwa, tana jiran ruwan farko ya kwashe ta zuwa Tafkin Madarunfa. Mahauta ma sun san ta. Sau nawa ake yanka akuya ramammiya a tarar da dunƙulen leda a tumbinta? Akuyar nan kuwa ita ce asusun wata baiwar Allah.

Doka dai muna da ita. Tun 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta haramta ƙera leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Ga shi an haura shekara goma, mai awara da mai tumatir ba su da abin ƙunshi sai ita. An hana abu ba a tanadi madadinsa ba, iyaka kuma ga ta nan kusa, kaya na shigowa ta Ɗan Isa da ta hanyoyin daji.

Ni a ganina haraji ya fi hani amfani, amma da sharaɗi ɗaya: kuɗin su komo hannun jama'a a bayyane. Mutanen Gabi ba baƙin wannan tsari ba ne. Dokar itacen girki ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, irin waɗanda aka buɗe kewayen dajin Baban Rafi. Mai motar da ya sari itace barkatai yana biyan haraji mai tsada, wanda ya saya a kasuwar ƙauye mai tsarin sara yana biyan kaɗan. Cikin harajin irin wannan kasuwa, rabi yana zama hannun ƙauyen, kashi 40 na hukumar yankin, kashi 10 kacal ke zuwa baitulmali. Da wannan rabin ake gyaran rijiya da makaranta, a kuma raya dajin. Tsarin bai tsira daga son kai ba, matsalar 'yan bindiga ma ta raunana shi. Duk da haka, manomi ya taɓa ganin haraji ya shiga ta ƙofa ya zauna a gida.

A Suwizalan ma haka suke yi da hayaƙi. Tun 2008 suke karɓar haraji kan man ɗumama gidaje, su mayar da kaso mafi tsoka ga jama'a da kamfanoni. Rabon jama'a daidai wa daida ne, ana rage wa kowa kuɗin inshorar lafiya. Mai ƙona kaɗan sai ya fita da riba.

Mu ba mu da inshorar da ta game kowa, saboda haka sai mu bi hanyarmu. A karɓi harajin daga manyan dillalai a Maraɗi da ofishin duwan, kada a bi mai tallar fura da rasit. Kason kowace ƙaramar hukuma a liƙa shi a ƙofar magajin gari, a karanta a rediyo. Wani ɓangare a sayi ledar da mata da matasa suka tsinto, kilo-kilo, kuɗi hannu. Saura a tallafa wa masu saƙar kwando da jakar kaba, domin uwar gida ta samu abin zuwa kasuwa da ba zai kashe mata akuya ba.