Hoton gini ba shi ne gini ba

A wannan mako za mu leƙa ɗakin aikin masu zanen gine-gine, domin abin da ake yankewa can bisa allon na'ura mai ƙwaƙwalwa yana iya biyo hanya har ya iske ɗalibin lakol a Bune, cikin gundumar Gure.

A yau mai zane yakan fara tayar da siffar gini cikin manhaja irin su SketchUp ko Revit, da tsawo da faɗi da tsayi, amma tsirara, ba launi ba inuwa. Daga nan sai ya kwashe ta cikin fayil irin FBX ko OBJ zuwa wata manhajar mai fitar da hoto, kamar Lumion, Twinmotion ko Blender wadda ake samu kyauta tun 2002. Wajen ƙaurar nan akwai tarko biyu. Na farko ma'auni: in aka zana da mita aka karanta da santimita, sai aji ya koma akurkin kaji. Na biyu rabon kaya: in ba a bambanta bango da daɓe da rufi tun farko ba, duk abin da aka shafa wa ɗaya sai ya bi sauran.

Bayan haka sai tufatarwa, wato a gaya wa na'ura wannan siminti ne, wannan katako, wannan gilashi, a daidaita launi da kaushi da ƙyalli. To, a nan gizo ke saƙa. Rumbun kayan waɗannan manhajoji cike yake da marmara da gilashi da ciyawar Turai. Jar ƙasarmu, da tubali, da azara, da yaɓen makuba irin na Birnin Damagaram, sai mai zane ya fita da kansa ya ɗauko hotonsu cikin rana, ya shigar. Wanda ya yi ƙyuya zai ɗauki abin da ya tarar, ginin ƙasa ya fito kamar kango, na siminti da kwano ya fito kamar amarya.

Ga shi kuwa hoto ba ya zufa. Ba ya nuna zafin kwano a watan Afrilu, balle rairayin da iska ke tarawa gindin bango a ƙasar Muniyo, wadda Bune ta kasance fadar sarakunanta kafin Gure.

Ba a rasa abin koyi ba. A 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala ginin Hikma a Dandaji, jahar Tawa, da bulon ƙasa matsattse, suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu. Tun 1980 kuma aka soma gini ba itace a Cikal.

Saboda haka, duk ranar da ɗan kwangila ya shimfiɗa kyakkyawan hoto gaban magajin gari da ƴan majalisarsa, su tambaye shi abu uku: wane kaya ne wannan, daga ina za a ɗauko shi, kuma wane magini na kusa ya iya gyaransa? Su nemi a sa rana ta tsaya yadda take tsayawa a nan, kusa da daraja 14 arewa, a nuna musu inuwar ƙarfe biyu na rana. Kuɗin talakawa ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.