Likitan Mutum Ɗaya da Likitan Gari Duka

In an ce likita a ƙasar nan, abin da ke zo wa kowa a rai shi ne mutum mai farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, yana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya. Shi iyaye ke yi wa 'ya'yansu fatan su zama, shi kuma ake kai wa kaji da ƙwai in majiyyaci ya miƙe. Amma akwai wani irin likita wanda ba safai ake jin sunansa ba, domin shi majiyyacinsa gari ne sukutum, wani lokaci ma ƙasa baki ɗaya. Aikinsa ƙirga ne: mutum nawa suka kamu, nawa suka mutu, a wace unguwa, cikin wane wata, masu shekara nawa. In ya gama sai ya tattara takardunsa ya nufi wurin masu mulki, ya ce musu ga inda ya kamata kuɗin jama'a su tafi. Waɗannan su ne masanan kiwon lafiyar jama'a da tsare-tsarensa, a kansu kuma filin namu na wannan mako zai tsaya.

Nijeriya ta haifi manya a wannan fanni. Abin da na lura da shi cikin tarihinsu shi ne, galibinsu a bakin gado suka fara, sa'an nan ganin cuta iri ɗaya tana kawo mutane iri ɗaya kullum ya sa suka ɗaga kai, suka fara tambayar daga ina waɗannan mutane ke fitowa, me kuma ya same su tun kafin su iso ƙofar asibiti.

Bari mu fara da Shehun Malami Kelsey Harrison, domin aikinsa ya shafe mu kai tsaye. Mutumin Abonnema ne a Jihar Ribas, an haife shi cikin 1933, likitan mata ne da haihuwa. A Badun ya fara yin suna wajen binciken ƙarancin jini ga masu ciki, sa'an nan cikin 1972 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da ya tarar a ɗakin haihuwa na Zariya kowace ungozoma ta lokacin ta san shi: mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, sai ƙarfi ya ƙare a ɗauko ta, ta iso da jijjiga ko zubar jini, ko kuwa ɗan ya riga ya mutu a ciki. Wani likitan da sai ya yi abin da zai iya, ya wanke hannu, ya jira ta gaba. Shi da abokan aikinsa suka ɗauri aniyar rubuta kome. Daga 1976 zuwa 1979 duk macen da ta haihu a asibitin an rubuta shekarunta, da tsawonta, da yawan haihuwar da ta yi a baya, da ko ta yi makaranta, da ko ta zo awon ciki, da yadda aka ƙare da ita da abin da ta haifa. Haihuwa 22,774 aka rubuta a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba. Wanda ya san yadda takardun asibiti ke ɓacewa a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin jan aiki ba ne.

Da aka buga sakamakon cikin 1985 sai ga abin da ƙirga ya tona. Mata fiye da 200 suka rasu cikin waɗannan shekaru, mafi yawansu kuwa waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Macen da ta zo awo tun da wuri, kuma tana da lafiyarta, da wuya ƙwarai ta mutu, alhali asibitin ɗaya ne, likitocin ɗaya ne, kayan aikin ma ɗaya. Haɗari ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa ƙwarai. Akwai wani abin mamaki kuma da aka gano: yarinyar da ta ɗauki ciki tun ba ta gama girma ba, in ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, takan ƙara tsawo a cikin watannin cikin, haihuwar kuma ta zo mata da sauƙi fiye da wadda ba a ba ta ba. Sai babban abu, wanda ya sa likitan mata ya koma yana magana kamar malamin makaranta: matan da suka yi karatu, ko da kaɗan ne, mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa ƙwarai da ta waɗanda ba su yi ba. Daga nan Harrison ya kama kira, har bayan ya koma Jami'ar Fatakwal ya shugabance ta daga 1989 zuwa 1992, cewa ilmi ga kowa yana cikin manyan magungunan mutuwar mata wajen haihuwa. Wannan bincike na Zariya yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya har aka yi babban taro a Nairobi cikin 1987 a kan ceton rayukan mata masu haihuwa. Wato dai matan Zariya da ƙauyukanta sun koyar da duniya darasi, ko da yake mu da muke kusa ba mu gama haddace shi ba.

Shi kuwa Shehun Malami Olikoye Ransome-Kuti daga ɗakin yara ya fito. An haife shi cikin 1927, ya yi karatun likita a Dublin, ya kuma shekara da shekaru yana duba yara yana koyarwa a Jami'ar Ikko. Abin da ke cika masa gadaje gudawa ce, da ƙyanda, da zazzaɓi, da tamowa, cututtukan da ruwa mai tsabta da allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari za su iya tarewa tun a gida. Bincikensa sai ya karkata ga tambaya ɗaya: yaya za a kai lafiya kusa da uwa, ta hannun ma'aikacin da bai yi shekara shida a jami'a ba, amma an koya masa abin da zai yi da abin da zai tura gaba? Duniya ma ta zo kan wannan ra'ayi a taron Alma-Ata na 1978.

Bambancinsa da sauran masana shi ne, shi an ba shi wuƙa da nama. Ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992. Cikin 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwada tsarin kiwon lafiya matakin farko, aka haɗa su da makarantun likitoci da na ma'aikatan lafiya su ja musu gora. Cikin 1988 aka fito da manufar ƙasa a kan lafiya, wadda ta ɗora kome a kan wannan tsari. Ya zuwa 1990 alƙaluman hukuma sun nuna kimanin yara 80 cikin 100 na samun allurar rigakafi. Shi ne kuma mutumin da ya fito gaban 'yan jarida cikin 1997 ya faɗi cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa Fela, a zamanin da gidaje ke ɓoye wannan cuta kamar abin sata. Ya rasu cikin 2003. A wannan shekarar ce, abin baƙin ciki, binciken lafiya na ƙasa ya nuna yara 13 kacal cikin 100 ne suka sami cikakkiyar rigakafi. A ganina nan ne raunin wannan sana'a yake. Likitan gado in ya ɗinke rauni ya ɗinku, ko an sauya gwamnati ko ba a sauya ba. Likitan gari kuwa aikinsa yana rataye ne a wuyan kasafin kuɗi, da albashin ma'aikacin ɗakin shan magani, da man da za a zuba wa firjin allurai. Ran da aka daina biya, ran nan ginin ya fara zuba.

Shehun Malami Adetokunbo Lucas na Jami'ar Badun shi hanyarsa waje ta yi. Ya yi binciken tsargiya a gida, sa'an nan daga 1976 zuwa 1986 ya shugabanci shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, irin su zazzaɓin cizon sauro, da kuturta, da ciwon barci, da makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa. Cututtukan talakawa ne, kamfanonin magani ba su ga riba a cikinsu ba, aikinsa kuwa shi ne ya jawo hankalin masana da masu kuɗi gare su. Daga baya ya koyar a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya rasu cikin 2020. A Arewa kuma muna da Shehun Malami Umaru Shehu na Borno, wanda ya koyar da kiwon lafiyar al'umma a Zariya, ya shugabanci Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a ƙarshen shekarun 1970, ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aiki, kuma da rigimar allurar shan inna ta tashi cikin 2003 yana cikin dattawan da suka tsaya wajen kwantar wa jama'a hankali. Allah Ya yi masa rasuwa cikin 2023, bayan ya ga an tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji cikin 2020.

Kada mai karatu ya zaci duk binciken da aka yi sai ya haifi albishir. A Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban gwaji daga 1969 zuwa 1976. An yi feshin maganin sauro a gidajen ƙauyuka 164, a waɗansu kuma aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi, ana ɗibar jinin mutane ana dubawa, ana kama sauro ana ƙirgawa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma sai ta dawo. Cikin dalilan har da cewa wani kaso na sauron bayan ya yi cizo a waje yake hutawa, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Wani zai ce an yi asara. Ni ban ce haka ba. Sanin cewa wannan hanya ba ta ɓullewa a irin ƙasarmu ya hana a zuba dukiya a rijiya, kuma har yau masana lissafin yaɗuwar cuta suna komawa ga alƙaluman Garki.

To, ina muke yanzu? Sassan koyar da lafiyar al'umma sun yawaita a jami'o'inmu, masu digiri a fannin ma haka. Amma akwai abu biyu da ke damuna. Na farko, galibin kuɗin bincike daga waje yake zuwa, mai kuɗi kuwa shi ke zaɓen tambaya. Sai ka ga matashi mai basira ya shekara goma a kan cutar da ake ba da tallafi a kanta, alhali hawan jini da ciwon ƙoda da haɗarin mota suna ɗibar mutanen unguwarsu ba mai ƙirgawa. Ban zarge shi ba, da iyali gare shi. Waɗanda suka yi alkawari a Abuja cikin 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, sa'an nan suka yi ta ba da abin da bai kai rabin haka ba a yawancin shekaru, su ya kamata a tambaya.

Na biyu ya fi ciwo. Shekaru fiye da arba'in bayan aikin Zariya, har yanzu ba mu da tabbacin mata nawa ke mutuwa wajen haihuwa a ƙasar nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce 512 cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce 1,047, wato ninki biyu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Duka biyun ƙiyasi ne, ɗaya daga tambayar mutane game da 'yan'uwansu mata da suka rasu, ɗaya daga lissafi. Dalili kuwa shi ne mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, haka addini ya koyar, mace ta rasu da asuba kafin azahar an kai ta makwancinta, ba a rubuta a ko'ina ba. Kwamishinan lafiya da ba shi da adadi ba zai san ko motar ɗaukar majiyyata ya kamata ya saya ba, ko ma'ajiyar jini, ko kuwa ungozoma goma zai ɗauka.

Doka ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa, amma ma'aikacinta ba ya halartar jana'iza. Waɗanda ke halarta su ne mai unguwa da liman. Da kowace ƙaramar hukuma za ta ba mai unguwa littafi guda, ya riƙa rubuta ranar rasuwa, da shekarun mamaci, da ko mace ce mai ciki ko mai jego, ma'aikacin lafiya na gunduma ya zo ƙarshen wata ya kwafe, sashen lafiyar al'umma na jami'a mafi kusa kuma ya tura ɗalibansa su tantance, da cikin shekara uku kowace jiha ta san adadinta. Shawarar tawa ga shugabannin ƙananan hukumomi da sarakunanmu take, sai mu ji ta bakinsu.