Takobin Dakiya: Shaidar Dutse da Shaidar Ƙasa

Mutanen Dakiya, waɗanda suka zauna a inda Romaniya take a yau, ba su bar mana littafin tarihinsu ba. Sarkinsu Decebalus ya gwabza da Trajan na Rum daga 101 zuwa 102, aka sake karawa daga 105 zuwa 106, har aka ci birninsa Sarmizegetusa. Rashin littafin nan ne ya sa labarin makaminsu mafi suna, falx, daga bakin abokan gabansu ya iso mana. Takobi ne mai lanƙwasa kamar lauje, kaifinsa ta ciki, wani ma ƙotarsa doguwa ce, sai da hannu biyu.

A Adamclisi, inda Rumawa suka gina hasumiyar nasara a 109, an sassaƙa mayaƙa suna ɗaga wannan takobi, sojojin Rum kuma sanye da sulken hannu da na ƙwauri. Masana da dama suna ganin tsoron saran falx ne ya sa su ƙara wannan kariya, domin bakinsa yana iya zagaye garkuwa ya sami mutum. Fronto, marubucin Rum, ya ambaci munanan raunukan da yake yi.

Amma wanda ya ci yaƙi ne ya biya masassaƙin, kuma girman makamin abokin gaba ƙarin daraja ne ga wanda ya kayar da shi. Har yau ana gardama ko mayaƙan nan Dakiyawa ne ko kuwa Bastarnae, abokan ƙawancensu.

Da aka tona ƙasa, sai magana ta ɗan sauya. Manyan falx da aka samu kaɗan ne. Wanda ya fi yawa shi ne sica, gajeriyar wuƙa mai lanƙwasa, a kaburburan da aka ƙona gawa, tare da kawunan masu da linzamin doki. A jikin wasu an zana tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. Wannan ya fi taɓa ni, domin yana nuna mahayi mai muƙami da danginsa suka sallame shi da kayansa. Ba wuƙar ce kaɗai ta faɗi haka ba, har da linzamin da ke gefenta da kabarin da ta kwanta.

Masu haƙar sata ba ruwansu da wannan. A ƙarshen shekarun 1990 sun rarake tsaunukan Orăștie na Romaniya, suka fitar da mundayen zinariya ƙasashen waje. An dawo da wasu, amma sanin yadda suka kwanta ya tafi ke nan. Mu ma mun ga haka da gumakan yumbu na Nok a shekarun 1990. Manomi a Kaduna ko Damagaram da garmarsa ta tono tsohon mashi, abin da ya fi alheri shi ne ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa kafin dillali ya riga su.