Kafin ka zuba kuɗinka a littafin kiɗa, tsaya ka ji

Makon jiya wani saurayi daga Damagaram ya kira mu bayan mun gama shiri. Yana kaɗa piyano a wuraren biki, ya fara koyon solfej, wato karanta kiɗa a rubuce, ya kuma tara ƴan kuɗinsa. Tambayarsa ita ce: wane kundin partisyon zai saya don ya gane yadda ake gina waƙa? Mun ga zancen ya shafi matasa da yawa, shi ya sa muka kawo shi nan.

Da farko a bambance abu biyu. Littafin Danhauser, wanda ya fito a Faransa tun 1872, ƙa'idodi yake koyarwa, kamar nahawu a lakkol. Kundin partisyon kuwa shi ne inda za ka ga ƙa'idar tana aiki. Wanda ya haddace nahawu bai karanta labari ko ɗaya ba, ai da sauransa.

To, wane kundi? A ganinmu a duba abu uku. Na ɗaya, waƙoƙin su zama cikakku kuma gajeru, ba guntaye ba. Waƙoƙin Bach 371 masu murya huɗu sun dace, don yawancinsu ba su cika shafi guda ba. Na biyu, ya fara da mai sauƙi ya hau a hankali, kamar Mikrokosmos na Bartók, guda 153 cikin littafi shida. Na uku, ka tabbata za ka samu sautin ka saurara, don ido kaɗai ba ya koyon kiɗa. Kuma Bach ya rasu tun 1750, ayyukansa suna nan kyauta a shafin IMSLP. Ka sauke ka buga, kuɗinka ya huta.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Duk wannan na Turai ne. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sauti biyar yake tafiya, ƙarfinsa kuma yana ga amshi da bugu da karin harshe. Mai kalangu yana matse tsarkiya, sauti ya hau ya sauka kamar maganar Hausa. Yaron da ya ƙware a Bach kaɗai, ka ba shi waƙar Ɗan Gurmu na Tawa ko ta Ma'azu Ɗan Alalo ya fayyace, sai ya yi zuru.

Wani zai ce makaɗanmu ba su taɓa riƙe takarda ba, kuma sun yi suna. Gaskiya ne. Sai dai su a gidan kiɗa suka tashi, ɗa yana bin uba shekara da shekaru. Yau yara nawa ke yin haka? Malam Maman Barka sai da ya je har bakin tafkin Cadi ya koyi biram wajen wani dattijon Buduma, don kada ta ɓace. Shi ma ya rasu a 2018. Shi kansa Bartók ƙauyuka ya bi da na'urar ɗaukar murya, ya rubuta dubban waƙoƙin manoma.

Don haka shawararmu ga wannan ƙane namu: ka raba aikin biyu. Duk waƙar Bach da ka nazarta, ka ɗauki waƙar gida ɗaya, ka saurara har ka rubuta ta da hannunka. Inda layuka biyar suka kasa ɗaukar sautin, ka sa taka alama. A nan ne ainihin karatun yake.

Kiranmu kuma ga cibiyar CFPM Taya ta Yamai da ma'aikatar al'adu: a fitar mana da kundin waƙoƙin gida a rubuce, mai araha, wanda ɗalibi zai samu a Maraɗi ko Tawa, tun masu abin suna raye a tambaye su.

Ku me kuka gani?